Wardin Daji da Hannayen da Ba a Rubuta Sunansu Ba

Bahaushe da hanci ya san wardi tun kafin ya san shi da ido. Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, kuma a kwalba ta iso mana: man wardi, ruwan wardi, turaren wardi. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851 ya zauna yana lissafin hajojin da fatake ke ƙetaro Sahara da su, man wardi na cikin abubuwan da ya ambata. Amma itacen da ke ba da furen nan ba ya tsirowa da kansa a dajin Rugu ko na Falgore. Haka abin yake a nan Gabon, inda nake zaune a unguwar Awendjé ta birnin Libreville. Kurmin ƙasar nan yana da dubban ire-iren tsirrai, amma babu wardin daji ko ɗaya a cikinsu. A duk faɗin Afirka ta kudu da Sahara iri ɗaya tak ne ɗan ƙasa, shi ma a tsaunukan Habasha da maƙwabtanta yake.

Abin da muke da shi a nan sunayen aro ne. Akwai wani jan fure mai kauri kamar tangaran da ake sayarwa a bakin titi, Faransawa na ce masa rose de porcelaine. Dangin citta ne, asalinsa daga tsibiran Indunusiya da Maleshiya. Akwai kuma wanda suke kira rose du désert, wanda mutanen Katsina da Maraɗi suka sani da sunan kariya, mai kumburarren gindi da madara mai dafi. Ba su haɗa komai da wardi ba sai dai ja da kyau. Bature in ya ga fure ya burge shi a baƙuwar ƙasa, sunan wardi ne ke fara zuwa bakinsa.

Duk da haka hoton wardin ya cika mana gari. Yana kan kalanda, yana kan faranti da tire, yana jikin katin biki, yana rataye a ɗakin jiran likita. Da yawa daga cikin waɗannan hotuna kwafin kwafi ne na wasu zane-zane da aka sassaƙa a kan jan ƙarfe shekara ɗari biyu da suka wuce, aka buga a takarda, aka shafa musu launi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Tarihin waɗannan takardu nake so mu bi, domin in mutum ya bi shi a hankali zai tarar da ƙaro a ciki, zai tarar da goro, zai kuma tarar da wata tambaya game da wanda ake rubuta sunansa a ƙasan aiki da wanda ake bari a duhu.

Mu fara da dalilin zanen. Wardin lambu da muka saba gani a hoto, mai ganyayen fure cunkus kamar kabeji, aikin manoma ne na shekaru aru-aru. Na daji ganyen furensa biyar ne kawai, a buɗe, da ɗan rawaya a tsakiya, sai ƙaya da 'ya'ya ja ko baƙi. Kallo ɗaya za ka ce duk iri ɗaya ne. A nan masana tsirrai suka sha wuya. Linne, mutumin Suwidin da ya kafa tsarin ba kowane tsiro suna biyu na Latin, iri goma sha biyu ya lissafa a littafinsa na 1753, ya kuma yi ƙorafin cewa rarrabe su na da wahala. Dalilin shi ne wardin daji na barbarar juna cikin sauƙi, sai 'ya'yan su fito da kamannin uwa ta wani gefe, na uba ta wani. Bayan shekara ɗari da 'yan kai wani limamin coci Bafaranshe mai suna Michel Gandoger ya bi kowane ɗan bambanci yana raɗa masa suna har ya tara dubbai, alhali masanan yau ba su kai lissafin nesa da ɗari biyu ba. To a irin wannan rigima me zai zama shaida? Busasshen fure da aka danne cikin takarda launinsa gushewa yake, ja ya koma ruwan ƙasa, fari ya koma ruwan toka. Kyamara kuwa babu ita. Saura zane. Dole a nuna lanƙwasar ƙaya, a nuna ko bakin ganye na da haƙora ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, a nuna ko akwai gashi a wuyan ɗan itacen. Wanda ke Landan da wanda ke Paris su buɗe littafi ɗaya su san a kan tsiro ɗaya suke musu.

Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Mai zane zai zauna da reshe ɗanye a gabansa ya zana shi da launin ruwa, yana sauri domin furen wardin daji ba ya jure kwanaki bayan an yanke. Daga nan zanen ya koma hannun wani gwanin, wanda zai mayar da shi kan farantin jan ƙarfe da aka goge sumul, kuma a juye, dama ta koma hagu. Ko dai ya yi ta yankan ƙarfen da wani ɗan tsinke mai kaifi, ko ya shafe farantin da kaki, ya karce zanen da allura, ya zuba ruwan asid ya cinye inda aka karce. Sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman tas, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a murza su tsakanin gungume biyu da ƙarfin tsiya har takardar ta zuƙo tawadar. Kowane bugu ɗaya sai an sake shafa tawada an sake gogewa. Abin da ke fitowa zane ne na layi, babu launi. Daga nan ne aikin mutum na uku ke farawa.

Mutum na ukun nan ba mutum ɗaya ba ne, ɗaki ne guda na ma'aikata, galibi mata da yara, wasu kuma a gidajensu suke karɓar aikin. Ana ajiye musu samfuri ɗaya da aka gama, su yi ta kwaikwayonsa da burushi, ana biyan su gwargwadon yawan takardun da suka gama. Don mai karatu ya ji nauyin abin, ga misali. A 1787 William Curtis ya fara fitar da mujallarsa ta tsirrai a Landan, Botanical Magazine, kowace fitowa da hotuna uku, kuɗinta sule ɗaya. Ba a jima ba ana buga kwafi wajen dubu uku. Wato takarda wajen dubu tara ke nan da za a shafa wa launi da hannu kafin fitowa ta gaba. Mujallar ba ta daina shafa launi da hannu ba sai a 1948. Littafin tsirran Ingila na James Sowerby da James Edward Smith, da ya fito tsakanin 1790 da 1814 cikin juzu'i 36, hotuna 2,592 ne a cikinsa, kuma nan ne wardin dajin Ingila ya samu hotunansa: wanda suke kira wardin kare, Rosa canina, da mai ganye mai ƙamshin tuffa, Rosa rubiginosa, da gajeren nan mai ƙaya birjik da baƙaƙen 'ya'ya na bakin teku.

Yanzu mai karatu ya duba ƙasan irin wannan takarda. A hagu zai ga sunan mai zane da gajeriyar kalmar Latin da ke nufin shi ya zana. A dama sunan mai sassaƙa ƙarfe da kalmar da ke nufin shi ya sassaƙa. Wani lokaci har da sunan maɗaba'a a tsakiya. Wanda ya shafa launin, wato wanda hannunsa ne kaɗai ya taɓa wannan takardar da kake riƙe da ita, babu sunansa. Mace ɗaya ce na sani da ta tsallake wannan shinge a fagen wardi, Mary Lawrance, malamar koyar da zane a Landan. Ita ta zana, ita ta sassaƙa, ta kuma sa sunanta a kan littafin da ta kammala a 1799 mai hotuna 90, littafi na farko da aka keɓe wa wardi kaɗai. Masana sun ce zanenta bai cika daidai ba ta fuskar ilimi. Ni dai ina ganin ƙoƙarinta, ko ba komai ta riga mazan.

Wanda duniya ta fi sani shi ne Pierre-Joseph Redouté. An haife shi a 1759 a garin Saint-Hubert da ke cikin Beljiyam ta yau, ya rasu a Paris a 1840. Ya yi wa Marie-Antoinette aiki, juyin juya hali ya zo ya ci sarauniyar ya bar shi, ya koma yi wa Joséphine matar Napoleon aiki a lambunta na Malmaison, daular ta faɗi ya ci gaba da sana'arsa a ƙarƙashin sarakunan da suka dawo. Mai zanen fure ba shi da jam'iyya. Ana yawan cewa littafinsa Les Roses hoton lambun Joséphine ne, amma ta rasu a 1814, littafin kuwa a 1817 ya fara fitowa kashi-kashi, ya kammala a 1824 cikin juzu'i uku da hotuna 169, ban da kambun furen da ke farkonsa. Daga lambuna daban-daban aka samo rassan, bayanin ilimin kuma Claude-Antoine Thory ne ya rubuta. Dabarar Redouté ta bambanta da ta Ingilishi. Maimakon layi, da ɗigo-ɗigo ake sassaƙa farantin, inda ake son duhu a cika ɗigon, inda ake son haske a rage. Sannan a kan faranti ɗaya ake shafa tawada kala-kala da 'yan ƙullin tsumma, kore a wurin ganye, ja a wurin fure, a buga gaba ɗaya, daga baya a gyara da burushi. Shi ya sa ganyen furensa ke fitowa da laushi kamar fata. A ƙasan takardunsa za ka ga sunayen masu sassaƙa irin su Langlois da Chapuy da Bessin, da maɗaba'ar Rémond. Masu burushin ƙarshe, su ma shiru.

Wardin Afirka ɗaya tilo da na ambata a wannan zamanin ya shiga littafi. Henry Salt ya je Habasha a 1809 zuwa 1810 a matsayin manzon gwamnatin Ingila, ya dawo da busassun tsirrai, Robert Brown ya ba ɗaya daga ciki suna Rosa abyssinica. A 1820 wani saurayi ɗan shekara 21, John Lindley, ya fitar da littafinsa kan dangin wardi, Rosarum Monographia, ya bayyana shi a ciki. Furensa fari ne mai ɗan ruwan madara, yana da ƙamshi, kuma yaran tsaunukan Habasha na cin 'ya'yansa. Da Amharanci kega suke ce masa. Yana nan har Yaman da kudancin Saudiyya. Mutanen da suka nuna wa Salt hanya suka ɗauki kayansa sun san kega tun suna goye, amma a rubuce sunaye uku ne ke tafiya da tsiron: Salt, Brown, Lindley.

Sau ɗaya na taɓa riƙe ta ainihi a hannuna. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon malamin makaranta da ya yi karatu a Faransa, yana da 'yar takarda guda da ya saya a wurin masu tsofaffin littattafai tun yana ɗalibi, hoton wardin kare. Na ce masa, "Baba, ta yaya kuka tabbatar ba ta injin zamani ba ce?" Bai amsa ba, sai ya kama yatsana ya bi da shi gefen hoton. Akwai ɗan zurfi mai kusurwa huɗu da ya kewaye zanen, sawun farantin ƙarfe ne da ya nutse cikin jiƙaƙƙiyar takarda. Ya ɗaga ta sama wajen taga, sai ga siraran layuka a cikin jikinta da inuwar wani tambari. Nan take na tuna malaman zaure a Kano da Sakkwato, yadda suke ɗaga tsohuwar takardar littafi su nemi tambarin wata uku, takardar da ake kawowa daga arewacin Italiya ta Tarabulus da Masar. Tsumma ne asalin wannan, tsumma ne asalin waccan, shi ya sa dukkansu ke daɗewa. Sai ya miƙo min gilashin ƙara girma. A wani wuri koren ya ɗan tsallake layin ganye, a wani wurin bai kai ba. Hoton inji in ka ƙara girmansa ɗigo ne jere reras kamar raga. Wannan kuwa ana ganin inda burushi ya sauka da inda ya tashi, da inda hannun ya gaji. Gefen takardar duk ya yi tabo-tabo ruwan ƙasa. Garin da ke samun ruwan sama kusan mita uku a shekara ba wurin ajiye tsohuwar takarda ba ne, in danshi ya bar ta gara ba za ta bar ta ba.

Wani abu da dattijon ya nuna min shi ne ya fi tsaya min a rai. In ka karkata takardar, 'ya'yan wardin da wuraren duhu na ganye suna ɗan sheƙi. Ƙaro ne. Launin ruwa ba ya kama takarda sai an dama garinsa da ƙaro, kamar dai yadda almajiri ke jefa ƙaro cikin tawadarsa, kuma masu shafa launi kan ƙara shafa shi a sama don duhu ya ƙara zurfi. A ƙarni na 18 da farkon na 19 yawancin ƙaron da Turai ke amfani da shi daga kogin Senegal yake fitowa, daga itacen da muke kira dakwara. Larabawan hamadar Muritaniya ke kawo shi bakin kogi, bayinsu ne kuma galibi ke tsinto shi a daji. Masaƙun atamfa ne manyan masu sayensa, kuma darajarsa ta kai Ingila ta ƙwace Saint-Louis daga hannun Faransa a 1758. Jan kuma daga wani ƙwaro ne da ake kiwo a jikin wani tsiro mai ƙaya a Meziko, rawayan daga ƙaron wani itace na Kambodiya. Saboda haka furen ƙauyen Ingila ne a hoton, amma kayan da aka yi shi da su sun ratso nahiya uku. Jan ƙwaron nan ba ya son rana, abin da ya sa wardin da ya daɗe rataye a bango ke kwashewa ya bar ganye kore shar.

Shin namu tsirran sun samu irin wannan gata? Sun samu kaɗan, kuma daga hannun mutumin da ba shi da daɗin tunawa. Palisot de Beauvois, Bafaranshe ɗan garin Arras, ya sauka gaɓar Benin a ƙarshen 1786 tare da Kyaftin Landolphe, wanda ke da sansanin ciniki a ƙasar Warri, cikin Najeriya ta yau. Ya yi sama da shekara yana tara tsirrai da ƙwari har zazzaɓi ya kusa kashe shi, aka sa shi a jirgi zuwa Haiti a 1788. Abin da ya bari a sansanin ya ƙone lokacin da Ingilishi suka kai hari, wani kason ya sake ƙonewa a Haiti. Da abin da ya riga ya aika Paris ya haɗa littafinsa Flore d'Oware et de Bénin, wanda ya fara fitowa wajen 1805 bai ƙare ba sai wajen rasuwarsa a 1820. Hotuna 120 ne, da irin dabarar ɗigo-ɗigo da gyaran hannu ta Paris. Landolphe ɗan cinikin bayi ne, kuma Beauvois da alƙalaminsa ya kare cinikin a rubuce. Ya ma saka wa abokin nasa da sunan wani dangin tsiro mai ba da roba, Landolphia, wanda daga baya aka wahalar da mutanen kurmin Gabon da Kwango wajen tatsarsa.

A cikin littafin nan ne itacen da ke zubar da manyan jajayen furanni a titunan Libreville ya samu sunansa na Latin, Spathodea campanulata, wanda Faransawa ke kira tulipier du Gabon. A ciki ne kuma aka zana goro, irin mai ɓari uku ko huɗu da Yarbawa ke kira abata. Namu na fataucin Gwanja, mai ɓari biyu, wanda ayarin Kano suka yi ta ɗaukowa daga Salaga a kan jakuna, sunansa na farko na Latin a wani littafin ya fito a daidai wannan lokaci: Jardin de la Malmaison na Ventenat, littafin lambun Joséphine, wanda Redouté ya yi wa hotuna. A cikin bayani aka ambace shi, sai a 1832 aka tattara su biyun ƙarƙashin sunan Cola. Ka ji yadda goron da ake rabawa a ɗaurin aure ya ratsa ta gidan matar Napoleon kafin ya shiga rajistar masana.

Akwai wani labari a littafin Beauvois da ke nuna iyakar wannan shaida ta launi. Ya samu wani ɗan itace mai fure kamar kambun sarauta, ya raɗa masa Napoleonaea imperialis a 1804, shekarar da Napoleon ya naɗa wa kansa sarauta. A hoton, furen shuɗi ne. Da Napoleon ya faɗi a 1814 wani masani, Desvaux, ya yi maza ya canza sunan zuwa Belvisia caerulea, kalma ta biyun ma'anarta shuɗi. Sunan farko ne ya tsaya a ƙarshe, domin ƙa'idar masana wanda ya riga shi ke da suna. Amma waɗanda suka je kurmi daga baya suka ga dangin itacen da idonsu, fure suka tarar mai ruwan madara ko rawaya da ja a tsakiya. Tsakanin ranar da aka tsinki furen a Warri da ranar da aka shafa masa launi a Paris kusan shekara ashirin ne, kuma masu burushin ba su taɓa ganinsa ɗanye ba. Abin da aka ajiye musu suka kwaikwaya. Wardin kare ba zai gamu da wannan ba, domin yana bayan gidan mai zanen, in an yi kuskure maƙwabci zai faɗa.

Lokacin da masana suka juyo kan Gabon sosai, zamanin farantin jan ƙarfe ya wuce. An kafa Libreville a 1849 da bayin da aka 'yanta daga jirgin Elizia. A mishan ɗin Sainte-Marie wani fada mai suna Théophile Klaine, wanda ya rasu a nan a 1911, ya shafe shekaru yana aika busassun rassa da furanni zuwa Paris wurin Louis Pierre, tsohon shugaban lambun tsirrai na Saigon. Daga cikinsu ne Pierre ya bayyana okume a 1896 ya sa masa Aucoumea klaineana. Kalmar farko daga bakin mutanen gaɓar nan ta fito, ta biyun sunan fada ne. Okume shi ne itacen da ya ciyar da ƙasar nan kafin man fetur, shi ake fere wa a yi falankin filawud, shi ne a saman tambarin ƙasa, kuma tun kafin Bature ya zo da ƙaronsa ake yin jiniyar haskaka dare. Dogon itace ne da furensa ke can ƙololuwa. Wani ne ya hau, ko ya sare, ko ya san watan da yake fure ya kai fada wurin. A takardun da ke manne da samfuran lambar Klaine ce ke kai. Hotunan da aka yi wa waɗannan tsirrai kuwa baƙi da fari ne, na aiki, babu attajirin da zai biya a shafa wa okume launi sau ɗari biyar.

Irin wannan ce ta faru a ƙasar Hausa. Likita John Dalziel, da ya yi aiki a Arewacin Najeriya a farkon mulkin Turawa, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, babu hotuna. Itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, sunansa yake ɗauke da shi a yau, Boswellia dalzielii, kuma abin sha'awa dangi ɗaya ne da okume, dukkansu masu ƙaron da ake ƙonawa don ƙamshi. Ƙamus ɗin taska ne, ina girmama shi. Sai dai kowace kalma a cikinsa daga bakin wani maharbi ko wanzami ko ungozoma ta fito.

A Gabon an samu wanda ya juya lamarin. André Raponda-Walker, ɗan wani ɗan kasuwa Ba'ingilishi da uwa 'yar ƙabilar Mpongwe, an haife shi a 1871, ya zama fada na farko ɗan ƙasa a 1899. Ya zauna a mishan-mishan na cikin ƙasa yana koyon harsuna yana rubuta abin da mutane ke yi da kowane ganye da saiwa. A 1961, yana da shekara 90, shi da Roger Sillans suka fitar da Les plantes utiles du Gabon. A littafin, bayan sunan Latin sai a jero sunan tsiron da Mpongwe da Fang da Punu da Tsogo da sauransu, kowanne da sunan al'ummar da ke faɗinsa. A shekarar ce kuma aka fara fitar da Flore du Gabon a Paris, juzu'i bayan juzu'i, da zanen layi baƙi. Ya rasu a 1968, kuma kurmin Mondah da ke arewa da birni, kan hanyar Cap Estérias, akwai sashen da ke ɗauke da sunansa a yau.

Su kuwa tsofaffin littattafan wardi, wata ƙaddarar ta same su. Dillalai sun gano cewa in aka yanka littafi aka sayar da hotunan ɗaya-ɗaya cikin firem, kuɗin ya fi na littafin a haɗe. Sai a zare hotunan, a watsar da bayanin Thory ko na Smith, wato inda aka tsinki tsiron da watan da yake fure da abin da ya raba shi da ɗan'uwansa. Takardar dattijon maƙwabcina ma haka aka yi da ita, akwai ramukan zare a gefenta na hagu. Kwafin da suka tsira a haɗe galibi na manyan ɗakunan karatu ne, kuma da yawansu an ɗauki hotonsu shafi-shafi an sa a intanet kyauta, a Gallica ta ɗakin karatun ƙasar Faransa da kuma Biodiversity Heritage Library. Ma'ajiyar busassun tsirrai ta Paris, mai samfuri kusan miliyan takwas, ita ma ta ɗauki hoton yawancin nata. Da wayar hannu, daga nan Awendjé, na buɗe littafin Beauvois na ga goron, na ga shuɗin furen Napoleon, na kuma ga rassan da aka tsinko a bayan garin nan fiye da shekara ɗari da ashirin da suka wuce, da lambar Klaine da kalmar Libreville a kan 'yar takardar da ke ƙasa.